Wakilin Masu Tsuntsu

Jihar Kebbi ba ta da teku. Kowa ya san haka, ban da tsuntsayen bakin teku, waɗanda ba su taɓa zama ajin labarin ƙasa ba. Duk shekara, kafin sanyi ya kama Turai, ruwa ya daskare, tsutsa ta yi ƙasa, sai su ɗaura aniya su yo kudu. Wasu su bi gaɓa su sauka Muritaniya da Senegal da Gini Bisau. Wasu kuwa su keto Sahara, su zube duk inda suka tarar da ruwa kwance a kan laka: Tafkin Chadi, dausayin Haɗeja da Nguru, da fadamun Gulbin Rima, wanda ya ratso ta Argungu, ya biyo ta Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza kafin ya faɗa Kwara. Ashe ba gishirin teku ne ya dame su ba. Laka suke so, mu kuwa Allah ya hore mana ita.

Ni ta waya na kamu da cutar kallonsu. Bidiyon tsofaffin Turawa nake gani, sun dunƙule cikin rigunan sanyi a bakin tekun Ingila, kowa da kyamararsa, ba mai cewa uffan, ana jiran wani ɗan tsuntsu mai siraran ƙafafu ya ga dama ya juyo. Wani abokina da ya yi karatu a cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga, kusa da Jos, shi ya ƙarasa ni. Ya ce Najeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900. Ya ce tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya kowane watan Janairu. Ya ce Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, da kansa ya taka har Dagona ta ƙasar Bade a 1989 don ya gan su. Na ce to, abin da ya taso mijin sarauniya daga Landan, ni wane ne da zan ƙi tashi?

Na sayi kyamara 'yar Beljiyam, da gilashin zuƙo nesa, baƙi wuluk, tsawonsa ya kai kamu guda. Na haɗa da ƙarfe mai ƙafa uku a cikin doguwar jaka, da littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma. Matata ta tambayi kuɗin. Na faɗi rabi. A kan rabin ta yi salati.

Kawunta yana Kambaza, cikin ƙaramar hukumar Gwandu, can na nufa a tsakiyar hunturu. Baƙon da ya shigo wannan yanki an san abin da ke kawo shi: ziyarar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, ko sarin albasa wajen Aliero, ko shinkafa, ko neman aure. Da aka kawar da kwanukan tuwon dare na faɗa wa Kawu nawa dalilin.

"Tsuntsaye?" ya ce.

"E, Kawu."

"Na ci?"

"Na kallo."

Ya daɗe yana dubana. Daga nan ya tambaye ni, a karo na biyu a daren, ko ɗiyarsa lafiya take a hannuna. Amma dattijo ne, bai hana ni ba. Yana da gonar rani a fadama ta wajen Kalgo, ya ce autansa ya ɗauke ni a babur bayan sallar asuba.

Littafi ya ce mai kallon tsuntsu ya guji farin kaya, ya sa tufafi masu launin ƙasa. Na sa. Sanyi ya ce in rufe kunne da hanci. Na naɗa rawani, ido kaɗai a waje. Na rataya doguwar jaka a baya, na saɓa baƙin gilashi a kafaɗa. Ban duba madubi ba kafin mu fita, gidan ma ba wuta.

Muka iso fadama gari ya waye amma rana ba ta da labari. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta tsaya cik tsakanin sama da ƙasa. Ko'ina ƙarar injin ban-ruwa. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi cikin 2015, noman rani ya cika wannan fadama, ruwa na kwance a fangali har cikin rani, abin da tsuntsu ke so ke nan. Ga balbela fari fat a bayan shanu. Ga zalɓe can tsaye, ya noƙe wuya, ba ya ko ƙifta ido. Sama kuma jerin kirinjijiya na wucewa suna fito. Na kafa ƙarfe, na ɗora kyamara, na saita zalɓe, na ɗauke numfashi.

"Salamu alaikum! Kun kwan lahiya?"

Daga gona ta uku aka ƙwalo ta, da muryar da ta saba gasa da inji. Waɗanda suka rubuta littafina sun yi tanadin iska da rana da launin riga, ba su yi tanadin gaisuwa ba. A ƙasarsu mutum na iya wuce mutum ya yi gum, a ce yana da ladabi. A nan kuwa amsa sallama wajibi ne, kuma ba a amsa ta da raɗa. Na amsa. Aka tambayi gajiya, na ce babu. Aka tambayi ɗari, na ce lokacinsa ne. Aka tambayi iyali, da mutanen birni, da hanya. Kafin mu kai ga "madalla", zalɓe ya buɗe fukafukai, ya ja ƙafafu, ya bar ƙaramar hukumar. Na matsa gaba, na sake kafawa, wani manomin ya ɗago. Duk faɗin fadamar nan ban haɗu da mutum ɗaya marar tarbiyya ba.

Sai yara. Ban san daga ina suka ɓullo ba, na dai waiga na ga ina da jama'a. Auta ya yi musu bayani cewa Malam tsuntsaye yake so. Yaran fadama kuwa sana'arsu tsuntsu: su ake turawa tsaron gona in shinkafa ta fitar da kai, da gwangwani mai tsakuwa, da majajjawa, da igiyar da aka rataya wa ledoji. Suka fahimci bukatata daidai gwargwadon iliminsu. Ina saita wani garke a bakin ruwa, sai suka ɗauki ihu da kiɗan gwangwani gaba ɗaya, garken ya tashi sama.

"Ga su nan, Malam! Dut sun taso! Ɗauka!"

Na ce a zaune nake son su, ba sa motsi. Suka yi shiru, suka dubi juna. Wani mai ɗan wayo ya zame. Jim kaɗan ya dawo da danƙo a wuya, kurciya a hannu, har ya yanka ta da reza don kada ta zama mushe. Ya shimfiɗe ta a gaban gilashin, ya gyara mata fiffike.

"Yanzu ba ta zuwa ko'ina."

Hantsi ya ɗaga kafin na ga abin da ya kawo ni. A wata gona da aka girbe shinkafar damina, ruwa ya ɗan kwanta tsakanin tushiya, ga su nan birjik, masu launin toka, ƙafafu dogaye, ƙaramin kai, suna tsince-tsince. Turawan Ingila suna ce masa raf. A arewacin Turai da Siberiya yake ƙyanƙyasa, kuma waɗanda ke tasowa daga can ƙuryar Siberiya zuwa Afirka ta Yamma suna iya cin kilomita 30,000 a shekara, zuwa da komawa. A can gida, lokacin neman aure, namijin wani irin gashi yake fitarwa a wuya da ka, wani baƙi, wani fari, wani ja, su taru a fili suna tsalle suna nuna wa mata kansu. Hoton da ke littafina ke nan. Amma kafin ya iso mana ya zubar da adon duka, ya koma fayau, kamar angon da ya mayar da babbar rigar aro bayan biki.

Mai gonar wani tsoho ne, yana gyaran kunya da fartanya. Murna ta sa na kasa riƙe ilimina, na juye masa.

"Baba, ka san daga inda waɗannan suka zo? Siberiya!"

"Ta wuce Agadas?"

"Ta wuce, Baba."

"Ta wuce Makka?"

"Nesa ma."

Ya dogara da ƙotar fartanya, ya dubi tsuntsayen, ya dube ni.

"To dut tahiyag ga, shinkahwata sunka zo ci? Can garinsu ba su noma?"

Don in burge shi na ƙara da labarin da na fi so. Na ce Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke shiga da sanyi ba. Wasu malamansu suka ce cikin laka suke nutsewa su yi barci a ƙasan tafki, wani ma ya rubuta cewa duniyar wata suke tafiya. Sai a 1822, kusa da wani gari mai suna Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa irin tasu, da kibiyar Afirka mai tsawon sama da santimita 70 soke a wuyanta. Da ita ta keto hamada da teku ta koma gida. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock, ita da kibiyar.

Tsoho ya jinjina kai. "Sun maido ma mai kibiya kibiyatai?"

Na ce ba su mayar ba.

"Halinsu na."

Ashe tsohon maharbi ne. Ya zauna a kan kunya ya shiga lissafa mini fadamar. Kirinjijiya da dare take kiwo, da rana hutu take, in ina son ta in bi ta bayan wancan gulbin. Dinya ta yi wayo, ba ta sauka inda mutum ya taka. Shamuwa kada in wahalar da kaina, ba ta dawowa sai ruwa ya kusa. Masu tokar nan bayan girbi suke sauka, kuma da zafi ya fara sai a wayi gari babu ko ɗaya. Gauraka kuwa, ya ce yana yaro garke-garke suke gani, yanzu sai a gidan masu kuɗi. Ungulu ma ta bar mahauta, ba wanda ta yi wa sallama. Duk wannan gaskiya ne, masana ma haka suke rubutawa, sai dai su sai an ba su kuɗin bincike.

Sannan ya zo kan aikina. Ya ce tun ɗazu yake kallona, bai taɓa ganin mai neman tsuntsu yana tafiya tsaye, ƙirji a gaba, da rundunar yara ba. Ya kori yaran da tsawa ɗaya. Ya aiki jikansa bukka, yaro ya dawo da wani abu a naɗe cikin baƙin zane.

Burtu ne. Wanda bai taɓa gani ba: kan tsuntsun nan burtu ne, da bakinsa da komai, ake kafawa a kan lanƙwasasshen itace, a naɗe da fata, a sa masa maɗauri. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa, yana tafe yana sunkuyar da kai yana caccakar ƙasa. Namun daji sun saba ganin burtu yana kiwo, ba sa gudunsa, har sai kibiya ta tashi. Dabara ce ta kaka da kakanni, kuma ta fi launin riga hankali nesa ba kusa ba.

Ina da digiri biyu. Na durƙusa, tsoho ya ɗaura mini burtu a kan rawani.

"Riƙa sara ƙasa, ɗana. Burtu ba ya tahiya banza."

Abin haushin shi ne dabarar ta ci. Na rarrafa, ina sara, kyamara a ƙarƙashin zane. Garken ya ɗan matsa, na bi. Ya ƙara matsawa, na ƙara bi. Na bar gonar tsoho, na ratsa wata, na shiga ta mutanen wani ƙauye ban sani ba. Na matso har ina ganin ƙwayar idon wani namiji, yana haɗiyar shinkafa hankali kwance. Na zaro gilashin a hankali. A daidai nan gwiwata ta sauka a fangalin da aka kwana ana ba ruwa. Ƙafar dama ta shige har cinya. Na yunƙura in zare ta, ta fito ba takalmi, ta hagu ta maye gurbinta. Wani zakaran kekuwa da ke gefe, tsuntsun da Allah ya halitta don tona asiri, ya tashi yana kururuwa a kaina, fadama duka ta ɗauka. Sama ta yi duhu da fukafukai. Na ɗaga kyamara sama da hannu biyu don kada ta jiƙe.

"Kak ka motsa! Aje ta!"

'Yan banga ne biyu, ɗaya da bindigar harba-ka-ruga, ɗaya da gora. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. A wannan zamani da mutanen karkara ke kwana da ido ɗaya, wata mai tallar fura ta kai labari cewa ga wani ya rufe fuska yana rarrafe a bayan gari, da baƙin ƙarfe mai faɗin baki. Ko ni aka kawo wa wannan labari, ba gora zan ɗauko ba. Abin da ya ɗan rikita su shi ne burtun. Mai bindigar ya tsaya yana tunanin wanne daga cikin kawunan biyu zai yi wa magana.

Suka jawo ni daga laka da gorar, aka tasa ni gaba zuwa zauren mai unguwa, ƙafa ɗaya da takalmi. Auta, wanda aka ba amanata, yana can wajen mai rake.

Na faɗi na yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe."

"Baƙo, mi kaka biɗa bayan garinmu?"

"Tsuntsaye, ranka ya daɗe. Hotonsu nake ɗauka."

"Ka kai ma wa?"

"Ba kowa. In ajiye."

"Saidawa kaka yi?"

"A'a."

"Magani na?"

"A'a, ranka ya daɗe. Sha'awa ce kawai."

Zaure ya yi tsit. Na lura kowace amsa ta gaskiya ƙara nutsar da ni take, fiye da fangalin. Da na ce ci zan yi, da tuni an sallame ni har da guzurin barkono. Mai unguwa ya ce abu mai sauƙi ne, tunda hoto ne, a nuna tsuntsayen. Na kunna kyamara, dattawa suka kewaye ni. Hoto na farko hazo. Na biyu hazo da ɗigo, na ce zalɓe ne, wani ya kankare ɗigon da farce, ashe laka ce a kan gilashi. Sai kunnen Auta. Sai gindin jaki. Sai kurciya yankakkiya, wadda ta fito tar, amma ta ƙaryata zancena na cewa ba ci nake ba. Hoto ɗaya ne ya fi kowanne kyau, ban ma san lokacin da na ɗauke shi ba: injin ban-ruwan wani bawan Allah, sabo fil, har lambarsa ana karantawa. Mai injin yana zaune a zauren. An sace masa na farko bara.

Allah ya taimake ni akwai sabis. Aka kira Kawu, ya iso bayan azahar. Ya gaisa da kowa a tsanake, ya dube ni daga rawani zuwa ƙafar da ba takalmi, sannan ya yi mini shaidar da ba zan manta ba.

"Surukina na. Ba mugu ba na. Karatun boko na yay yi mishi yawa."

Zaure ya ɗauka: "Allah sarki." "Allah shi sawwaƙe." Wani ya miƙo mini goro. Aka kawo fura, daga hannun wadda ta kai rahotona.

Da hankali ya kwanta sai hira ta buɗe. Wani masunci ya laluba aljihu ya fito da ɗan zoben ƙarfe, ya ce a ƙafar wata agwagwar ruwa ya same shi shekarun baya, ta faɗa tarunsa, ya ajiye ko wata laya ce. Na karɓa hannuna na rawa. Na yi musu bayani: wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Mortensen, shi ya fara wannan aiki a 1899. Ana kama tsuntsu a sa masa zobe mai lamba da adireshi, a sake shi. Duk wanda ya tsinta a wata ƙasa sai ya aika da lambar, su kuma su rubuto masa inda aka sa zoben da ranar da aka sa. Da haka aka gano hanyoyin da tsuntsaye ke bi.

"Nawa suka biya?" in ji masuncin.

"Ba sa biya. Godiya suke aikowa."

Mai unguwa ya gyara zama. Mutum ne da ya shekara yana raba rigimar manoma da makiyaya, nan take ya gane irin shari'ar da ke gabansa.

"Tsaya, Malam. Dabba in tana da shaida, tana da mai ita. Ko ba haka ba?"

Dattawa suka ce haka ne.

"In kuwa ta yi ɓarna, mai ita ka biya. Su sun sa ma dabbobinsu shaida, sun sako muna su cikin gona, babu makiyayi, kuma suna son mu aika musu da labarin lahiyarsu. To kai ka iya karanta adireshinsu. Kai na wakili. Rubuta musu."

Na yi ƙoƙarin kare baƙina. Na ce yawancin abin da suke ci zubabbiyar shinkafa ce da ta rage bayan girbi, da tsutsa. Babban ɓarawo ɗan gida ne, jan-baki, haifaffen Afirka, wanda aka ƙiyasta yawansa ya kai biliyan 1.5, ba wani tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa. Shi ne ke sauka a gona ya tashi ya bar kara, shi ne gwamnati ke tayar wa jirgin feshi.

"Shi wa na ubangidanai?"

"Ba shi da ubangida, ranka ya daɗe."

"To mu hwara da masu ubangida."

Ba a sake ni haka nan ba. Tunda ga kyamara ta shigo gari, kuma ana cike takardun neman taki, aka yanke cewa in ɗauki kowa hoton fasfo. Gilashin zuƙo nesa ba ya ganin abin da ke kusa. Sai da aka jera dattawa a jikin bangon masallaci, ni kuma na tsallaka hanya, na wuce turken awaki, na tsaya a kan juji, ina ƙwala musu "Baba, ɗaga kai!" Duka suka fito tar. Mutum, ba kamar tsuntsu ba, in ka ce ya tsaya sai ya tsaya, har ya tambaya ko ya gyara hula.

Takalmina yana can a fangali, mai gonar ya ce in ya ci karo da shi wajen girbi zai aiko.

Da zafi ya fara shigowa Kawu ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce shinkafa ta kusa fitar da kai, jan-baki ya fara leƙowa, yara kuma suna makaranta. Ya ce manoman wajen sun zauna sun yi shawara. Tun da suke, ba su taɓa ganin abin da ke tayar da tsuntsu daga gona uku a lokaci ɗaya irina ba. In zan zo da kayan nan nawa duka in riƙa zagayawa safe da yamma, abinci nasu ne, kuma akwai buhu guda bayan girbi. Tsoho ma ya ce burtun yana nan.

Na ce zan duba. Matata, da ke jin komai daga kicin, ta ɗaga murya ta ce in tambaye shi buhun na shanshera ne ko na gyararriya.